Maganaɗisun muwon: yadda masu lissafi suka gyara hasashensu, da ƙofar da aikin ya bar mana a buɗe

Kowace hekta ta shinkafa a yankin Madobi da Kura da Bunkure, wasu ƙwayoyi kimanin miliyan 100 ne ke ratsa ta a kowane minti ɗaya, rani da damina, dare da rana. Suna ratsa ganye da ruwan da ya gangaro daga madatsar Tiga, su ratsa jikin manomin da ke duƙe yana dashe, su nutse cikin ƙasa, ba wanda ya ji balle ya gani. Sunan wannan ƙwaya muwon. Can sama ake samar da ita, kimanin kilomita 15 daga doron ƙasa, inda ƙwayoyin da ke tahowa a guje daga sararin samaniya suke karo da iskar da ta lulluɓe duniya. Carl Anderson da Seth Neddermeyer ne suka gano ta a Amurka a 1936. Kusan duk halayenta irin na elektiron ne, wato ƙwayar da ke gudana cikin wayar lantarki, sai dai ta ninka shi nauyi sau 207, kuma ba ta da tsawon rai. A matsakaici, kashi 2.2 cikin miliyan na daƙiƙa ɗaya take yi ta tarwatse.

A kan wannan 'yar ƙwaya masana fiziks suka kwashe shekara 20 da ɗoriya suna kai-kawo. Abin da aka auna na ƙarfin maganaɗisunta ya ƙi daidaita da abin da lissafi ya ce za a samu, har a watan Afrilun 2021 jaridun duniya suka cika da labarin cewa an kusa gano wani sabon ƙarfi a cikin halitta. Shekara huɗu bayan nan, a watan Mayun 2025, masu lissafin suka fito da sabon hasashe, sai ga giɓin ya rufe. Akwai masu kallon wannan a matsayin abin kunya, wai an yi ta kururuwa kan abin da babu. Ni a ganina akasin haka ne. Abin da ya faru shi ne aikin kimiyya a kan turbarsa ta gaskiya, inda masu ilimi suka bi lissafinsu da kansu, suka gano inda ƙafarsa ba ta taka ƙasa ba, suka faɗa a bainar jama'a. Kuma da yake a fagen lissafi aka yi gumurzun, fagen da babban jarinsa ƙwaƙwalwa da haƙuri ne, labarin ya shafi jami'o'inmu na Arewa fiye da yadda ake zato.

Sai an san abin da ake aunawa kafin a gane rigimar. Muwon na ɗauke da cajin lantarki, tana kuma da wata ɗabi'a mai kama da juyawa a kan kanta, abin da ya mayar da ita ɗan ƙaramin maganaɗisu. Wanda ya taɓa kaɗa katantanwa a kan yashi ya san cewa ban da juyawar da take yi da sauri, kanta yakan riƙa yin wani lilo a hankali yana zagayawa. Haka muwon take yi in aka sa ta cikin babban maganaɗisu, kuma saurin wannan lilo shi ke nuna ƙarfin maganaɗisun da ke jikinta. Masana na rubuta wannan ƙarfi da harafin g. A 1928 Paul Dirac na Ingila ya nuna da lissafi cewa g na elektiron, da duk ƙwayar da ke da siffarsa, 2 ne cif. Daga baya awo ya nuna akwai ɗan ƙari a kai. A 1948 Julian Schwinger ya lissafo wannan ƙari, ya samu 0.00116, ya kuma yi daidai da abin da Polykarp Kusch da Henry Foley suka auna a Jami'ar Columbia. Wannan lissafi ne aka zana a kan dutsen kabarin Schwinger. Shi wannan ƙarin, wato rabin abin da ya haura 2, shi ne abin da ake ta bi har yau.

Dalilin ƙarin shi ne zuciyar maganar. A fahimtar fiziks na yanzu, babu wani wuri da yake fanko ƙarƙaf. Ko an kwashe iska da haske da komai, ƙwayoyi na ɓullowa su ɓace cikin ɗan lokacin da ya fi ƙiftawar ido gajarta nesa ba kusa ba. Muwon da ke tafiya tana cuɗanya da waɗannan baƙi masu wucewa, kowannensu kuma yana ɗan taɓa ƙarfin maganaɗisunta. Saboda haka lambar da aka auna tana ɗauke da sawun duk wata ƙwaya da ke cikin halitta, wadda aka sani da wadda ba a sani ba. In aka tara gudummawar duk waɗanda aka sani, aka ga ba ta kai abin da awo ya nuna ba, to akwai wata a ɓoye. An fi son muwon a kan elektiron a wannan bincike saboda nauyinta: tasirin manyan ƙwayoyi a kanta ya ninka wanda suke yi wa elektiron kimanin sau 43,000.

Ɓangaren awo ya yi aikinsa, kuma ba a da ja a kansa. Cibiyar CERN da ke kan iyakar Suwizalan da Faransa ta fara tun 1959 ta kammala a 1979. Cibiyar Brookhaven ta jihar New York ta ɗora, ta fitar da sakamakonta na ƙarshe a 2006, kuma a nan giɓin ya fara damun mutane. A 2013 aka ɗauki zoben maganaɗisun Brookhaven, mai faɗin kimanin mita 15, ba tare da an kwance shi ba, aka bi da shi ta teku da kogi a kan jirgin dako, sannan a kan babbar mota da dare, tafiyar kimanin kilomita 5,000, zuwa Fermilab kusa da Chicago. A cikin zoben an riƙa watsa muwon suna zagayawa da gudun da ya kusa na haske, abin da ke tsawaita ransu kimanin sau 29, kamar yadda ka'idar Einstein ta tanada. Duk wadda ta tarwatse takan harbo ƙwayar fositiron, kuma na'urori 24 da aka jera a cikin zoben suna ƙirga su. Yawan fositiron ɗin yana hawa yana sauka daidai da lilon muwon, daga nan ake ciro lambar. Ranar 3 ga Yunin 2025 Fermilab ta ba da sakamakonta na ƙarshe, da kuskuren da bai wuce kashi 127 cikin biliyan ba. In an haɗa da na baya, lambar ita ce 0.001165920715.

Wahalar tana wajen masu hasashe. Ka'idar da suke aiki da ita, wadda ake kira Daidaitaccen Tsari, ta raba gudummawar gida uku. Mafi girma ita ce ta haske da lantarki, kuma an ci ƙarfinta, ko da yake da gumi aka ci. Lissafin hawa-hawa ne, kowane mataki ya fi na baya yawan rassa: na Schwinger reshe ɗaya ne, na huɗu 891, na biyar 12,672. Toichiro Kinoshita, Bajafane da ya koyar a Jami'ar Cornell, ya ƙarar da mafi yawan rayuwarsa ta aiki a kan wannan, shi da abokan aikinsa suka kammala mataki na biyar a 2012, yana da shekara 87. Gida na biyu, na ƙarfin nan mai rauni da ke sa wasu ƙwayoyi tarwatsewa, ƙarami ne kuma an san shi sarai. Gida na uku ne ƙashin bayan matsalar, wato na ƙarfin da ke ɗaure ƙwayoyin kuwak wuri ɗaya su zama furoton da makamantansa. Gudummawarsa ba ta wuce kashi 60 cikin miliyan na jimillar ba, amma kusan duk rashin tabbas ɗin hasashen daga gare shi yake. Dabarar hawa-hawa ba ta aiki a nan, domin matakin gaba ba ya ƙanƙancewa ya bar na baya, don haka ba inda za a tsaya a ce saura kaɗan ne.

Hanya biyu aka samu ta kewaye wannan. Ta farko, wadda aka daɗe ana bi, aro ce daga wasu gwaje-gwaje. Ana haɗa elektiron da fositiron karo, a ƙirga sau nawa suke haifar da ƙwayoyin da ke ƙunshe da kuwak, musamman tagwayen fayon, sai a zuba wannan ƙidaya cikin wata ka'ida tabbatacciya ta fitar da gudummawar da ake nema. Gwajin BaBar na Kalifoniya da na KLOE na Frascati a Italiya su ne manyan madogara. Da wannan hanya ce gamayyar masana sama da 100, wadda aka kafa a 2017, Farfesa Aida El-Khadra ta Jami'ar Illinois na jagorantar kwamitinta, ta fitar da hasashen 2020: 0.00116591810. Lambobi bakwai na farko bayan ɗigo iri ɗaya ne da na awo, a ta takwas aka rabu. Da Fermilab ta ba da sakamakonta na farko ranar 7 ga Afrilun 2021, tazarar ta kai abin da masana ke kira sigma 4.2, ma'ana in sa'a ce kawai ta kawo ta, sau ɗaya cikin kimanin 40,000 za a ga irinta. Al'adar fagen ita ce sai an kai sigma 5 ake cewa an gano sabon abu. Ana gab da kaiwa ke nan.

A wannan ranar kuma mujallar Nature ta buga aikin wata ƙungiya da ake kira BMW, daga haruffan farko na biranen Budapest da Marseille da Wuppertal, ƙarƙashin Zoltan Fodor. Su hanya ta biyu suka bi, wadda Kenneth Wilson ya assasa a 1974, lissafin raga. Ana yanka wuri da lokaci zuwa ƙananan gidaje kamar idon raga, a ɗora kuwak a kan mahaɗa, a bar manyan kwamfutoci su warware ka'idar kai tsaye ba tare da aron ƙidayar kowa ba, sannan a riƙa matse idon ragar ana duba inda amsar ta dosa. Amsar BMW ta fi ta gamayyar girma, ta matso kusa da awo. Da farko an yi mata kallon saniyar ware, kuma da hujja, domin ƙungiya ɗaya ce tak ta kai wannan daidaito. Amma daga 2022 sauran masu lissafin raga, na Mainz a Jamus da ETM da RBC/UKQCD da gamayyar Fermilab da HPQCD da MILC, suka ɗauki wani yanki na lissafin da ya fi sauƙin tantancewa, kowa da tsarinsa, duk suka faɗa inda BMW ta faɗa. Sai kuma a watan Fabrairun 2023 gwajin CMD-3 na birnin Novosibirsk a Rasha ya sake ƙirga tagwayen fayon, ya samu adadin da ya fi na BaBar da KLOE, ya fi ma na magabacinsa CMD-2 da aka yi a cibiya ɗaya. Madogarar hanyar aro ta tsage gida-gida. A watan Mayun 2025 gamayyar ta bayyana cewa gwaje-gwajen sun saɓa wa juna har ba za a iya haɗa su a fitar da matsakaici mai ma'ana ba, ta koma kan lissafin raga. Sabon hasashen 0.00116592033 ne, kuma tazararsa da awo ba ta kai ko sigma 1 ba.

Mai hankali zai iya cewa: ashe dai an ga amsa ne aka gyara lissafi ya dace da ita. Wannan zargi ne mai nauyi, bai kamata a share shi ba, musamman da yake lambar Brookhaven tana hannun kowa tun 2006. Amma tarihin aikin bai goyi bayansa ba. Da son rai ne ke jan masanan, ai giɓin za su so ya tabbata, domin shi ne zai kawo suna da kyaututtuka da kuɗin bincike. Rufewarsa ba ta ƙara wa kowa komai ba. Ban da haka, fagen ya tanadi kariya daga son zuciya. A Fermilab an ɓoye ainihin saurin agogon da ake awo da shi, wasu mutum biyu da ba sa cikin aikin suka rufe lambar a ambulan, ba a buɗe ba sai da aka gama tantance komai. Masu lissafin raga da dama su ma sun ɗauki wannan al'ada, suna ninka sakamakonsu da wata ɓoyayyiyar lamba har sai an kammala. Kuma ba wannan ne karon farko da suka tona kuskuren kansu ba. A 2001 Marc Knecht da Andreas Nyffeler na Marseille sun gano cewa an rubuta alamar ragi a inda ta tarawa ta dace a wani sashe na lissafin, waɗanda suka yi kuskuren suka bi sawu suka amsa, giɓin lokacin ya ragu daga sigma 2.6 zuwa 1.6. Mutanen da ke da irin wannan tarihi sun cancanci a saurare su in suka ce sun sauya matsayi.

Wani kuma zai ce to an gama, a rufe littafi. Shi ma ya yi gaggawa. Rashin tabbas ɗin hasashen 2025 ya ninka na awo kimanin sau huɗu, har ya fi na 2020 faɗi, saboda haka yarjejeniyar da ake gani yanzu mai sako-sako ce, ƙaramin sabon abu zai iya ɓuya a cikinta. Har yau kuma ba a gano abin da ya raba CMD-3 da BaBar da KLOE ba, duk da an yi shekaru ana bin diddigin kowannensu. Ko dai akwai kuskuren da ya ɓuya a wasu gwaje-gwajen da aka daɗe ana dogaro da su, ko kuma akwai wani abu game da karon elektiron da fositiron da ba a fahimta ba. Kowanne ya tabbata, babban labari ne. Ana shirya wani awon a cibiyar J-PARC ta Jafan da dabarar da ta bambanta da ta Fermilab, a CERN kuma akwai shirin MUonE da zai auna gudummawar kuwak ta wata hanya ta uku. Abin da ya tabbata shi ne duk wanda ya ƙirƙiro sabuwar ka'ida daga yanzu, dole ta bi ta wannan ƙuntatacciyar ƙofa da awon 2025 ya kafa.

Sauran tambayar da ta fi kusa da mu: ina ruwan mai noman tumatir a Kadawa, wanda damuwarsa tsadar taki da ciyawar kacalla da ke toshe magudanai da faɗuwar farashin kwando a lokacin kaka, da lamba ta takwas bayan ɗigo? Amsar gaskiya ita ce lambar kanta ba za ta ƙara masa ko mudu ɗaya ba, kuma duk wanda ya ce masa za ta ƙara ya yaudare shi. Amma ilimin da ya haifi lambar ya riga ya shiga gona. Wannan karon da ke samar da muwon a sama yana samar da ƙwayoyin niyutiron, ruwan da ke cikin ƙasa kuma yana rage musu gudu. Na'urar da ke ƙirga su, in an kafa ta a tsakiyar gona, tana faɗin damshin ƙasar hekta da dama a kewayenta ba tare da an haƙa ko rami ɗaya ba, kuma hukumar makamashin nukiliya ta duniya tare da hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya suna yaɗa ta a ƙasashen Afirka. A tsarin ban-ruwa irin na Kogin Kano, inda na kan gaba kan sha ya yi ambaliya na ƙarshen magudana kuma ya rasa, sanin gonar da ke bukatar ruwa da wadda ta ƙoshi ba ƙaramin abu ba ne. Da muwon ɗin kanta kuma aka gano wani babban ɓoyayyen sarari a cikin dalar Khufu ta Masar a 2017. Masu neman sanin asalin halitta ne suka ƙera waɗannan na'urori, amfanin ya biyo baya, ba tare da sun san ta inda zai ɓullo ba.

Duk da haka ba a kan amfani nake so in kafa hujjata ba, domin akwai wadda ta fi ta. Najeriya ba za ta gina irin zoben Fermilab a nan kusa ba, kuma babu laifi a faɗi haka. Amma ɓangaren da ya rage a warware a wannan matsala na lissafi ne. Rahotannin gamayyar na 2020 da na 2025 suna nan kyauta a rumbun arXiv na intanet, wanda aka buɗe tun 1991, ɗalibin Jami'ar Bayero ko na jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil zai iya sauke su a wayarsa yau. Manhajojin lissafin raga da yawa a buɗe suke ga kowa. Za a ce ai BMW da manyan kwamfutocin Jamus ta yi aiki, mu kuwa wutar da za ta riƙe kwamfuta ɗaya yini guda ma aiki ce. Haka ne, amma ba kowane mai bincike ne ke mallakar injin da yake aiki da shi ba. Ana shiga gamayya ne, a ɗauki ɗan yanki na aikin, a tantance ƙidaya, a gwada wata dabara a kan ƙaramar raga, a aika da babban lissafin can inda injin yake. Kuskuren alamar da aka gano a 2001 natsuwa da bin lissafi layi-layi ne suka tono shi. Hanyoyin shiga ma akwai su: cibiyar ICTP da Abdus Salam ya kafa a Trieste a 1964 domin masanan ƙasashe masu tasowa, da reshenta na Kigali, da makarantar fiziks ta Afirka da ake yi duk shekara biyu tun 2010, wadda Ketevi Assamagan, ɗan Togo da ke aiki a Brookhaven, yana cikin waɗanda suka kafa ta.

Ba kuma baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa mutum ya zurfafa cikin lissafi don kansa. Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Kashnawi, Bakatsinen da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya bar littafi kan yadda ake jera lambobi a gidajen hatimi su ba da jimilla ɗaya ta kowace fuska, kuma masu tarihin lissafi na ambatonsa har yau. A zamaninmu, cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya tana sarrafa ƙaramar tukunyar nukiliya ta bincike tun 2004, shaidar cewa akwai hannayen da suka iya aiki mai bukatar taka-tsantsan. Abin da ya yi ƙaranci shi ne tsarin da zai bar matashi mai kaifin lissafi ya zauna kan matsala ɗaya shekara biyar ko goma, ba tare da ɗimbin darussa da neman abin sawa a bakin salati sun cinye shi ba. Yaron da ya fi kowa lissafi a sakandare a Madobi ko Kwankwaso, yawanci likitanci ko injiniyanci ake nuna masa, in ya faɗa fiziks kuwa sai a ɗauka rashin sa'ar jarrabawa ce ta kai shi.

Kirana ga shugabannin sassan fiziks da lissafi na jami'o'in Kano da Zariya da Katsina da Sakkwato shi ne su haɗa ƙaramin rukuni ɗaya, ko na mutum biyar ne, da zai ɗauki rahoton 2025 ya karance shi babi-babi tare da ɗaliban digiri na biyu, su rubuta wa gamayyar su nemi yankin aikin da za su iya ɗauka. Asusun TETFund da gwamnatin jihar Kano kuma su ware guraben karatu na musamman ga fiziks na lissafi, da sharaɗin wanda ya je ya dawo ya samu lokacin bincike da wutar sola a ofishinsa. Masu hasashen sun ce burinsu shi ne su rage rashin tabbas ɗin lissafinsu har ya yi daidai da na awo, aikin da zai ci shekaru masu zuwa, kuma suna bukatar hannaye.